Taurin Bayan Gida ga Kyanwa, da Abin da Harza Ke Iyawa

Duk wanda ya taɓa zama ya lura da kyanwa sa'ad da ta tona ƙasa a bayan ɗaki, ta tsuguna, ta yi ta yunƙuri har gadon bayanta ya gantsare, sa'an nan ta miƙe ba ta aje kome ba sai ƙwaya biyu ko uku busassu, baƙaƙe, masu tauri kamar ƙwallon dabino, to ya ga farkon illar da nake nufin bayani a kanta. Lafiyayyar kyanwa bisa al'ada takan yi kashi sau ɗaya a yini, in kuwa ta kwana biyu zuwa uku ba ta yi ba, ko abin ya riƙa tafiya yana komowa wata bayan wata, mas'alar ta wuce a ce ɓacin ciki ne na kwana ɗaya.

Asalin al'amarin ruwa ne. Masana dabbobi sun tabbatar cewa kyanwar gida ta fito ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar ƙasashe masu ƙarancin ruwa, wadda Allah ya halitta ta da ɗabi'ar samun abin shanta daga jikin abin da ta kama, domin naman ɓera da na tsuntsu kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Saboda haka ƙishirwa ba ta cika tayar da ita zuwa kasko ba, ko da jikinta na bukata. Busasshen abincin kanti da ake sayarwa a jaka kuwa ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali kyanwa mai nauyin kilo 4 tana bukatar wajen mililita 200 a yini. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci, kuma gwargwadon daɗewar kashi a cikinsa gwargwadon bushewarsa, kamar dai tubalin da aka bari a rana. Ga wasu sabubba kuma: ciwon ƙoda, wanda ya yawaita ga tsofaffin kyanwoyi, gashin da take haɗiya in tana lasar jiki, ƙayar kifi da ƙashin kaza da muke watsa mata, ƙiba da rashin motsi, da karayar ƙashin ƙugu da ta ɗoru a karkace ta matse mafita.

Harza, watau sashen tsiro da ciki ba ya narkarwa, iri biyu ce, kuma rashin rarrabe su ya jawo ɓarna mai yawa. Akwai wadda ba ta jiƙa, kamar dusar alkama, wadda fa'idarta ita ce ƙara wa kashi girma don ya taɓa bangon hanji ya zuga shi ya motsa. Akwai kuma mai shan ruwa ta yi yauƙi, kuma shugabarta ita ce ɓawon irin wani tsiro da ake kira siliyam, wanda aka fi nomawa a Indiya. In ka zuba ɗan kaɗan a kofin ruwa ka ba shi 'yan mintoci, za ka tarar ya kumbura ya yi santsi kamar miyar kuɓewa, kuma wannan santsin ne yake riƙe danshi cikin kashi har ya fita ba da wahala ba. Ana farawa da abin da bai fi rubu'in ƙaramin cokali ba, a cuɗe shi sosai cikin jiƙaƙƙen abinci, a riƙa ƙarawa sannu a hankali bisa shawarar likitan dabbobi. Kabewa dafaffiya, ƙaramin cokali ɗaya ko biyu, ita ma tana taimako, da sharaɗin a dafa ta ita kaɗai. Kada a ɗebo daga miyar taushe, gama albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa.

Amma fa harza ba ta da wani iko sai da ruwa, kuma wanda ya ɗura wa dabbar da jikinta ya bushe dusa, ya ƙara wa bango tubali ne kawai. Na ga haka ga wani tsohon muzuru na maƙwabcina, wanda aka yi ta ba shi dusa a cikin hunturu da kyakkyawar niyya, cikinsa na ƙara tauri, har sai da likita ya yi masa ƙarin ruwa, ya sa shi barci, ya fitar da abin da hannu. Bayan haka ne aka koma jiƙa masa abinci da romon nama marar gishiri, aka aje masa kasake biyu na ruwa nesa da inda yake ci.

Akwai kuma matakin da harza ke komawa cuta. In hanji ya daɗe a cushe, yakan buɗe ya saki, namansa ya rasa ƙarfin matsawa, kamar tsohuwar salka. Likitoci suna kiran wannan megakolon, kuma ya fi kama muzurai masu matsakaicin shekaru. A nan ƙara wa kashi girma zalunci ne, abin da ya dace shi ne abinci mai narkewa ƙwarai wanda sauransa kaɗan ne, tare da magungunan da ke jawo ruwa cikin hanji, irin su laktulos da garin PEG 3350, da kuma sisafirayid mai zuga hanji, wanda aka janye daga kasuwar magungunan mutane a Amurka a shekarar 2000 saboda illarsa ga bugun zuciya, amma likitocin dabbobi suna ba da shi har yanzu. In duk waɗannan sun gaza, sai fiɗa, a yanke mafi yawan babban hanjin, kuma galibin kyanwoyin da aka yi wa suna rayuwa lafiya, ko da yake kashinsu kan yi ruwa-ruwa na 'yan makonni.

Wajibi ne in ambaci abubuwan da hannu ke saurin kaiwa gare su. Ruwan wankin dubura na mutane mai gishirin fosfet yana kashe kyanwa. Man farafin ko wani mai da aka ɗura mata ta baki da ƙarfi yakan zarce huhu. Farasitamol guba ne gare ta ko da ƙwaya ɗaya. Muzurun da ke tsugunawa yana kuka kuwa, a duba tukuna ko fitsari ne ya ƙi fita, domin kamannin biyun ɗaya ne ga idon da bai saba ba, kuma toshewar mafitsara tana kisa cikin kwana biyu ko uku. Irin wannan ba a jiran wayewar gari da shi, sai a ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi nan take.