3.4 Kwatanta Ma'aunan Zafi da Matsayin Kelbin a Kimiyya

A wannan sashe za a kwatanta ma'aunan zafi guda uku da aka fi sani, wato Farenhait da Selsiyas da Kelbin, sannan a bayyana dalilin da ya sa masana kimiyya suka zaɓi na ukun ya zama ma'auninsu na bai ɗaya.

Ma'aunin Farenhait shi ne mafi daɗewa a cikinsu. Daniyel Farenhait ne ya fito da shi a shekarar 1724. A kan wannan ma'auni, ruwa yana daskarewa a digiri 32, yana tafasa a digiri 212, wato akwai taki 180 a tsakani. Har yanzu da shi ake bayar da rahoton yanayi a Amurka.

Shi kuwa ma'aunin Selsiyas, wani masanin taurari ɗan ƙasar Suwidin mai suna Andas Selsiyas ne ya samar da shi a shekarar 1742. Da farko ya sanya tafasar ruwa a kan sifili, daskarewarsa kuma a kan 100. Bayan rasuwarsa a 1744 ne aka juya tsarin ya koma yadda aka san shi a yau. Da wannan ma'auni ake aiki a Nijeriya da Nijar da mafi yawan ƙasashen duniya. Idan ana so a mayar da Selsiyas zuwa Farenhait, sai a ninka adadin da 9, a raba da 5, a ƙara 32. Alal misali, zafin jikin mai lafiya, digiri 37 na Selsiyas, daidai yake da 98.6 na Farenhait.

Waɗannan ma'aunai biyu suna da rauni iri ɗaya. Sifilinsu zaɓi ne na ɗan'adam, domin akwai sanyin da ya wuce shi. Haka kuma tafasar ruwa tana canzawa gwargwadon nauyin iska. A wuri mai tudu kamar Jos, ruwa yakan tafasa tun bai kai digiri 100 ba.

A shekarar 1848, Wiliyam Tomson na Jami'ar Gilasgo, wanda daga baya aka ba shi sarautar Kelbin, ya kawo ma'aunin da ya faro daga ƙarshen sanyi. Zafi dai motsi ne na ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu, kuma a wannan mataki motsin ya kai iyakar ƙarancinsa. Matakin ya yi daidai da digiri 273.15 ƙasa da sifili a Selsiyas. Girman taki ɗaya na Kelbin daidai yake da na Selsiyas, saboda haka ƙara 273.15 kawai ake yi. Ke nan ruwa yana daskarewa a kelbin 273.15.

Amfanin wannan yana fitowa wajen lissafi. Kuskure ne a ce digiri 40 na Selsiyas ya ninka digiri 20 a zafi, domin a Kelbin adadin biyu su ne 313.15 da 293.15, bambancin bai kai kashi 7 cikin ɗari ba. Wannan ne ya sa aka sanya kelbin cikin tushen ma'aunai na tsarin awo na ƙasa da ƙasa a 1960. A 1967 aka daina haɗa shi da kalmar digiri. A 2019 kuma aka raba ma'anarsa da ruwa, aka ɗora ta a kan wani tsayayyen adadi na kimiyya da ake kira adadin Bolzman.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa adadi shi kaɗai ba ya isar da saƙo. Digiri 100 na Farenhait zazzaɓi ne mai sauƙi, amma digiri 100 na Selsiyas tafasasshen ruwa ne. Don haka wajibi ne mai fassara zuwa Hausa, musamman a fannin lafiya da rahoton yanayi, ya riƙa ambaton sunan ma'aunin, ya kuma guji sanya kalmar digiri a gaban kelbin.