Babur ɗin Tsere ko na Cin Zango?

A shekarar 2005 kamfanin Suzuki na Japan ya fitar da sabon samfurin babur ɗinsa na tsere, GSX-R1000, wanda har yau masu harkar manyan babura ba su daina yabon injinsa ba. A 2021 kamfanin ya gabatar da GSX-S1000GT, mai gilashin tare iska da faffaɗar kujera da wurin maƙala akwatunan kaya, kuma injinsa daga na wancan aka samo shi. Silinda huɗu ne duka, cc 999 duka. Amma wanda ya yi awa biyu a kan na farko, ya sauka ya hau na biyu, zai iya rantsewa ba gida ɗaya suka fito ba.

A Kano ko Kaduna ko Abuja, duk babur mai ƙatuwar taya da rugugi fawa baik ne, ba a rarrabewa. Masu ƙerawa kuwa sun rarrabe. Akwai wanda aka yi don filin tsere sannan aka sa masa fitila da lamba don ya samu izinin hawa titi, irin su Yamaha R1 da R6, Honda Fireblade, Kawasaki ZX-10R, BMW S1000RR. Akwai kuma wanda ya ɗebi wani abu na zafin wancan amma aka tsara shi don doguwar tafiya, irin su Yamaha FJR1300, Honda VFR800, Kawasaki Ninja 1000SX da GT ɗin nan na Suzuki. Bari mu kira na farko na tsere, na biyu na cin zango.

Bambancinsu daga zama yake farawa. Wuri uku mahayi ke taɓa babur: hannun sitiyari, kujera, da matakin ƙafa. Yadda aka jera ukun nan shi ne yadda jikinka zai kasance tun daga tashi har sauka, kuma ba ka da ikon sauya shi sai kaɗan.

A na tsere, hannuwan guntaye ne guda biyu, an ɗaure su ƙasa-ƙasa a jikin ƙarafan da ke riƙe tayar gaba, kusan daidai da tsayin kujera. Matakan ƙafa an ja su baya an ɗaga su sama, don kada su karci kwalta idan babur ya kwanta a kwana. Kujerar siririya ce, mai tauri, mai tsayi. Ta R1 milimita 855 ce daga ƙasa. Dole mahayi ya kife a kan tanki, gwiwa a naɗe, kamar mai sukuwa da ya kwanta a wuyan doki. Ba don burga aka yi haka ba. Nauyin mahayi yana komawa kan tayar gaba, ta ƙara kama ƙasa a kwana, ta kuma rage tashi sama idan aka murɗa totur. Siririyar kujera tana ba shi damar zamewa dama da hagu cikin sauri. Kifewar kuma tana ɓoye shi daga iska.

Maganar iskar nan tana son a tsaya a kanta, domin ita ce ke ruɗin masu saye. Ƙarfin iskar da ke dukan ƙirjinka ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan ka ninka gudu sau biyu, iska ninkuwa take sau huɗu. Abin da kake ji a kilomita 120 cikin awa ya ninka na kilomita 60 sau huɗu ke nan. A filin tsere, inda ake kwana da wuni sama da 150, iskar da kanta ke tallafe ƙirjin mahayi, ta ɗauke wa hannuwansa nauyi. Wato an tsara zaman ne da lissafin cewa iska za ta taya ka. To a cikin gari, kana tafiya a 40 ko 50 a bayan Keke Napep, babu iskar da za ta tallafe ka. Nauyin rabin jikinka sai ya sauka a wuyan hannu. Wuya kuma yana ta faman ɗaga kai da hular kwano don ido ya ga gaba, ƙugu yana lanƙwashe. Gogaggun mahaya sukan matse tanki da cinya, su riƙe kansu da ƙarfin ciki don hannu ya huta, kuma dabarar tana aiki, sai dai ba kowa ke iya riƙe ta awa uku ba.

Na cin zango ya bi ta wata hanyar. An ɗaga hannun sitiyari an matso da shi, an sauke matakan ƙafa, mahayi ya zauna da ɗan sunkuyo kawai. Tunda zai miƙe, sai iska ta zama matsala, don haka aka tare ta da gilashi da faffaɗar rigar roba a gaba. BMW ce ta buɗe wannan ƙofa a 1976 da R100RS, wanda aka gwada rigarsa a ɗakin busa iska kafin a kai shi kasuwa. Gilashin FJR1300 ma da maɓalli ake ɗaga shi ko a sauke shi ana cikin tafiya. Wanda bai taɓa yin doguwar tafiya a babur ba zai ɗauka wannan gata ne kawai. Ba haka ba ne. Yawancin gajiyar hanya daga kokawa da iska da ƙararta a kunne take zuwa, kuma gajiyayyen mahayi shi ke makara wajen taka birki.

Sai inji. Mai saye yakan tambayi doki nawa ne, ya tsaya nan. Tambayar da ta fi amfani ita ce a ina dawakan suke. R1 na da ƙarfin doki kusan 200, amma sai injin ya kai juyi 13,500 a minti ɗaya ake samun su. FJR1300 na da kusan 146, a juyi 8,000. A takarda R1 ya yi masa fintinkau. Amma ƙarfin ja, wato murɗawar da inji ke yi wa taya, na FJR ya fi yawa kuma ya fi saurin zuwa: 138 a ma'aunin Nm a juyi 7,000, shi kuwa R1 kusan 113 a juyi 11,500. Ma'anar wannan a kan titi ita ce, idan kana bayan tirela a babbar giya ka ga dama ta samu, a na cin zango murɗa totur kawai za ka yi ka wuce. A na tsere, musamman ƙaramin cc 600 irin R6, sai ka sauko giya biyu ko uku ka sa inji ya yi kuka kafin ya ba ka abin da ke cikinsa. Idan kuma ya ba ka, gaba ɗaya yake bayarwa. Babur ɗin tsere mai cc 1000 yana wuce kilomita 130 cikin awa a giya ta ɗaya, alhali a babbar hanyar Najeriya ƙaramar mota ma 100 doka ta yarje mata. Sauran giya biyar ɗin, a ina za a yi amfani da su?

Kada a ce ban yi wa na tsere adalci ba. Akwai abin da yake da shi wanda ɗayan ba zai taɓa samu ba, wato rashin nauyi da kaifi. R1 da mansa da komai kusan kilo 200 ne. FJR1300 ya doshi 290. Tazarar tsakanin tayoyin R1 milimita 1,405 ce, ta FJR 1,545, kuma tayar gaban R1 ta fi tsayawa a miƙe. Gajeren babur mara nauyi da tunani ma kamar yana juyawa. Kafin ka gama niyyar shiga kwana ya shiga. Birkinsa da shokazobarsa sukan kasance mafi kyawun abin da kamfani ke da shi a lokacin. Wanda ya ɗanɗana wannan a kan lafiyayyar kwalta mai kwane-kwane ba ya mantawa, kuma ba ƙarya yake ba idan ya ce sauran babura sun yi masa sanyi. Tun 1992, da injiniya Tadao Baba ya fitar da Fireblade na farko a Honda, wannan ce aƙidar: a rage nauyi kafin a ƙara ƙarfi.

Nauyin na cin zango kuwa yana ɓacewa da zarar an fara tafiya, har ma ya zama alheri, domin iskar manyan motoci ba ta kaɗa shi sosai. Inda yake dawowa shi ne wurin ajiyewa, da juyawa a lungu, da shiga yashi a ƙofar gida. Kilo 290 idan ya fara karkata, ƙafa ɗaya ba ta tare shi, ɗagawa kuma sai an kira mutane. Shi ya sa na fi karkata ga 'yan tsakiya, irin Ninja 1000SX mai kilo 235 da GSX-S1000GT mai 226. Sun rage jin daɗin manyan, amma mutum ɗaya yana iya sarrafa su.

Tanki, goyo da kaya ba sa bukatar dogon bayani. Tankin R1 lita 17 ne, na FJR 25, na 'yan tsakiyan nan 19. Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400. Mai R1 dole ya tsaya shan mai a hanya, kuma bayansa zai riga tankin neman hutu. Kujerar goyo a na tsere ɗan tudu ne a sama, babu abin riƙewa na kirki, wanda ka ɗauka sau ɗaya da wuya ya sake roƙonka. Na cin zango an ƙarfafa bayansa don mutum biyu da akwatuna. Manyansu ma, irin FJR da Honda ST1300, babu sarƙa a jikinsu. Farfela ce ke juya tayar baya kamar a mota, babu shafa mai, babu ɗaurewa. A ƙasar da hunturu ke zuwa da ƙura mai cin sarƙa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Taya ita ce kuɗin da ba a lissafawa ranar ciniki. Tayar tsere roba ce mai laushi, ba ta kama ƙasa sosai sai ta yi zafi, zanen da ke korar ruwa kaɗan ne a jikinta, kuma tana saurin cinyewa, musamman tsakiyarta idan miƙaƙƙiyar hanya ake bi kullum. Tayar cin zango, irin Michelin Road ko Pirelli Angel GT, tsakiyarta ta fi tauri, tana kamawa tun da sanyinta, ta fi aminci a damina, ta fi daɗewa nesa ba kusa ba. Girman tayoyin yawanci ɗaya ne, inci 17, don haka mai na tsere da ke hawa titi kawai zai iya sa ta cin zango, kuma shi ne daidai ko da abokai za su yi masa dariya.

Akwai kuma zafi da mai. Injin tsere an matse shi cikin rigar roba, lagiretonsa na jiran iskar gudu. A cunkoso, cikin zafin Afrilu, fanka za ta yi ta aiki tana hura wa cinyarka wuta. Sannan yana matse mai da iska sosai kafin ya ƙona su, sau 13 a R1, ƙasa da 11 a FJR. Inji mai matsi haka fetur mai inganci yake so. Man 'yan bumburutu na cikin galan, wanda ba ka san me aka gauraya masa ba, kasada ce ga kowane babban babur, amma ga na tsere ta fi muni.

Wani abu da ya haɗa su: dukansu 'yan kwalta ne. Shokazobarsu gajeriya ce, cikinsu kusa da ƙasa yake, rami ɗaya a guje yana iya lanƙwasa rim. Na cin zango ya fi haƙuri da tudun rage gudu da facin titi saboda laushinsa, amma idan rabin hanyarka burji ce ko yashi, kana duba layin da ba naka ba ne. Nemi masu dogayen ƙafafu irin Honda Africa Twin ko Yamaha Ténéré.

Tunda yawancin waɗanda ke zuwa mana na hannu ne, a sa wannan ma a lissafi. Babur ɗin tsere na hannu sau da yawa ya sha wuya a wurin mai shi na farko. Duba ƙarshen hannun birki da na kuloci, da matakan ƙafa, da murfin inji, ko akwai karcewa. Sabuwar riga fil a kan tsohon babur tambaya ce, ba ado ba. Na cin zango yakan zo da kilomita masu yawa a agogo, amma na doguwar hanya ne, waɗanda ba sa gajiyar da inji kamar na tsere. Kafin ka biya, tabbatar akwai bakaniken da ya san irinsa a garinku da kuma inda za a samo kayan gyara.

To wa ya kamata ya sayi na tsere? Wanda yake da filin tsere da zai je, ko wanda ya san sarai abin marmari yake saye, na fita awa ɗaya da safiyar Lahadi, yana da wani abin hawan na yau da kullum. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kamfanonin ma sun fara faɗin gaskiya: Yamaha ta daina sayar da R6 na titi a Turai daga 2021, R1 kuma daga 2025, ta bar su don fili kawai, bayan dokokin hayaƙi sun tsananta kuma masu saye sun ragu. Wanda kuwa babur ɗaya zai mallaka, ya je aiki da shi, ya je ɗaurin aure a wani gari, wani lokaci ya goya wani, na cin zango ne nasa, ba na ko tantama.

Idan kuma daga Boxer ko Jincheng za ka taso, waɗanda ƙarfinsu kaɗan ne, kada ka fara da ko ɗaya daga cikin manyan nan. A Tarayyar Turai matashin mahayi sai ya shekara biyu a kan babur ɗin da bai wuce doki 47 ba kafin a ba shi lasisin babba, in ba haka ba ya jira ya kai shekara 24. Nemi Ninja 400 ko Honda CBR500R, ka ware kuɗin hular kwano mai rufe fuska da jaket da safar hannu da takalmi tun kafin ka fara ciniki.