Wa Ke Da Alhaki In An Yi Karo A Mararraba?

Duk inda motoci biyu suka yi karo a bakin mararraba, wato inda ƙaramar hanya ta ɓullo ta haɗu da babban titi, kafin 'yan sanda su iso da allinsu da igiyar awonsu, sai ka tarar jama'a sun riga sun kafa majalisa, kowa yana ba da fatawa gwargwadon abin da ya taɓa ji a tasha ko a bakin makanike. Cikin fatawoyin nan akwai ingantattu, akwai masu rabin gaskiya, akwai kuma waɗanda ba su da wani sanadi face yawan maimaitawa.

Wadda ta fi shahara ita ce wai wanda ya buga shi ne da laifi, saboda haka sai a duƙa a duba wace mota ce gabanta ya lotse, wace ce aka sama a haƙarƙari. Wannan magana ba ta da asali. Ƙa'idar tuƙi ta Nijeriya ta wajabta wa wanda ya fito daga ƙaramar hanya ya dakata, ya duba hagu da dama, kada ya sa kai cikin babban titi har sai ya tabbata shigarsa ba za ta tilasta wa kowa taka birki ko kaucewa ba. In ya kutsa bisa ganganci aka same shi a ƙofa, to, lotsewar ƙofarsa shaida ce a kansa, domin ta nuna ya gitta gaban mai hannu. Lissafin kuwa a fili yake: motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne haddin gudu a cikin gari, tana cin kimanin mita 14 a daƙiƙa guda, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki.

Amma kada wannan ya ruɗi mai babban titi ya zaci an ba shi lasisin take duk abin da ya gifta, gama cewar da ake yi wai shi ba ya taɓa yin laifi, a nan ne rabin gaskiya take. Fifikon da doka ta ba shi bai sauke masa wajibcin lura ba. In ya zarce haddin gudu, ko yana tafe da dare ba fitila, ko ya tashi wuce wata mota daidai bakin mararraba, ko hankalinsa yana kan waya, alƙali yana da ikon raba alhakin tsakaninsu, ya ɗora wa kowa kasonsa, ya rage diyyar da mai ƙara zai samu gwargwadon sakacinsa. Shi ya sa masu bincike suke auna tsawon zanen da taya ta bari a kwalta, su lura da inda fasassun gilasai suka zuba, saboda in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata takan ninka sau huɗu.

Batun cewa babba shi ne da laifi a kan ƙarami, mai mota a kan ɗan acaɓa, mai tirela a kan mai a-daidaita-sahu, tausayi ne ya haife shi, kuma tausayi abin yabo ne, sai dai doka ba ta auna laifi da girman ƙarfe. Haka nan uzurin nan na "ai ya ƙyafta mini fitila" ko "ai wancan direban ne ya ba ni hannu" ba ya wanke kowa, domin wanda ya tsaya maka ya yafe haƙƙin kansa ne kaɗai, bai yafe na mai babur ɗin da ke ratsowa ta gefensa ba, wanda motar direban ta kare maka ganinsa.

Saura masu cewa ai ƙaddara ce, ba a neman biya. Imani da ƙaddara rukuni ne, babu jayayya, amma bai taɓa kawar da lamuni ba a wurin malaman fiƙihu. Tun a zamanin dawakai da raƙuma, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukanmu, ta ɗora lamunin abin da dabba ta take a kan mahayinta da mai janta da mai kora ta. A shekarar 1993 kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai, ta zartar cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma in direba da wanda ɓarnar ta afka wa sun yi tarayya wajen jawo haɗari, kowa zai ɗauki nasa rabon. Yafiya falala ce ga wanda aka yi wa ɓarna in ya ga dama, ba a tilasta masa ita da sunan tawakkali.

Akwai magana guda da direbobin kan iyaka suke faɗi wadda mutane kan ɗauka tatsuniya ce, alhali gaskiya ce. Ko da yake tun 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama kamar Nijar, ƙa'idar mararraba ba ta zama ɗaya ba, domin Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda a mahaɗar da babu allo ko danja, wanda ya fito ta damarka shi ke da hannu, ko da hanyarsa ba ta kai taka faɗi ba, sai fa in an kafa alamar da ta fifita titin da kake kai. Direban da ya taso daga Katsina ya shiga Maraɗi da ɗabi'arsa ta gida, yana ganin faɗin titi ya ishe shi hujja, yana iya wayar gari a ofishin jandarma a ce masa shi ne zai biya gyara.