Aikatau "Took" da 'Yan Rakiyarsa a Ma'aunin Giredin Aikatau na Hausa

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda aikatau ɗin Ingilishi "took" yake sauya ma'ana idan ya haɗu da bayanau ko harafin jarri, ta kuma auna shi da giredin aikatau na Hausa, da misalai daga ƙasar Gwandu. Abin da ake son nunawa shi ne harsunan biyu sun ajiye lokaci da alkiblar aiki a wurare mabambanta, don haka fassarar kalma da kalma ba ta isar da saƙo.

Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a Maruda ta ƙaramar hukumar Gwandu, yake fatan shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, dole ne ya sami kiredit a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO. Cikin abubuwan da ake sa shi ya haddace akwai jerin "take, took, taken", a ce masa ma'anarsa ɗauka. Ba a yi masa ƙarya ba, amma an ba shi rabin magana. Da zarar ya karanta "the plane took off" ko "she took after her mother", ɗauka ta daina yi masa aiki, domin jirgin tashi ya yi, yarinyar kuwa kama take yi da mahaifiyarta. Ƙananan kalmomi irin su "off" da "out" da "back" da "after" su ne za a kira 'yan rakiya a nan, don sauƙin bayani.

Inda kowane harshe ya ajiye kayansa

A Ingilishi jikin aikatau ne yake nuna shuɗaɗɗen lokaci: "take" ya koma "took". Alkiblar aikin kuwa sai a rataya ta ga ɗan rakiya. Hausa ta juya tsarin. Lokaci yana tare da wakilin sunan da ke gaban aikatau, kamar "ya" da "sun" da "suka", wadda a Gwandu ake cewa "sunka", aikatau ɗin bai motsa ba. Alkibla ce take shiga jikinsa, ko dai a saiwa, kamar shiga da fita da hau da sauka, ko a ɗafa-ƙeya da karin sauti, wato tsarin giredi bakwai da Parsons ya fasalta a 1960.

1. He took the sack. Ya ɗauki buhun.
2. He took the sack away. Ya ɗauke buhun.
3. He took the sack back. Ya mayar da buhun.
4. He took the sack down. Ya sauke buhun.

A misali na 2, aikin da "away" ta yi shi ne wasalin ƙarshe na giredi na huɗu ya yi. A na 3 da na 4 kuwa ɗauka ta ɓace gaba ɗaya. Ɗan rakiyar ne ya zaɓi aikatau ɗin Hausa, ba "took" ba. Wannan ya yi daidai da rabon da Talmy ya yi a 1985 tsakanin harsunan da ke sanya hanyar motsi a cikin aikatau da masu sanya ta a wata kalma ta gefe. Sai dai Hausa ba ta zauna daram a rukuni na farko ba, tun da giredi yana ƙara wata alkiblar a kan wadda saiwa ta zo da ita: fita, fito, fice, fitar.

Akwai wani bambanci da ake yawan tsallakewa. "He took the goat out" ta fi dacewa da "ya fita da akuyar", domin mai aikin ya fita tare da ita. "Ya fitar da akuyar", ta giredi na biyar, ba ta tilasta hakan ba. Yana iya kora ta waje shi yana tsaye a tsakar gida. Newman ya yi gaskiya da ya ce asalin aikin wannan giredi shi ne nesanta aiki daga mai yin sa, ba sanya wani ya yi ba. Mai fassarar da ya ɗauki "fita da" da "fitar da" abu ɗaya zai yi ta kuskure bai sani ba.

Bayanau ne ko harafin jarri?

'Yan rakiyar ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake kamanninsu ɗaya. Gwajin da aka saba yi shi ne a matsar da karɓau. Ana cewa "he took off his cap", ana kuma cewa "he took his cap off". Idan karɓau wakilin suna ne, dole ya shiga tsakani: "he took it off". Nan "off" bayanau ce. Amma "he took him after" ba jimla ba ce, sai "he took after him", domin "after" harafin jarri ce da ke riƙe da sunan da ya biyo ta.

Hausa tana da abin da za a kwatanta wannan da shi. "Da" ta giredi na biyar takan rabu da aikatau: ya mayar masa da buhun. A karin harshen yamma, wanda Gwandu take cikinsa, ta manne ta zama ɓangaren kalmar, kamar a "maida" da "hidda", har ana gina giredi na shida a kanta, a ce "maido". Malamin da ya fara da wannan misali ya nuna wa ɗalibi cewa rabuwar aikatau da ɗan rakiyarsa ba baƙon abu ba ne.

Haka nan sauyin ma'ana saboda harafi ba sabo ba ne ga wanda ya zauna a makarantar zaure. A Larabci "ragiba fi" so ne, "ragiba an" kuwa ƙi ne. Ƙasar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya koyar a cikinta, shi da ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, ba ta rasa ɗaliban da suka san wannan tun kafin su ga littafin Ingilishi. Abin takaici ne yadda darasin boko ba kasafai yake neman wannan sani ya yi gini a kansa ba.

Akwai kuma waɗanda giredi ba ya kai gare su, sai hadda. "He was taken in" yaudararsa aka yi. "She took up weaving" ta kama sana'ar saƙa. "Took over" ma ba fassara ɗaya gare ta ba: "the British took over Sokoto in 1903" Turawa sun ci Sakkwato ke nan, amma "he took over from his father" gadon mahaifinsa ya yi. Ƙamus ɗin da ya ba da "karɓa" kawai ya shafe wannan bambanci.

Matsayin mai magana

"Took" tare da "to" ba ɗauka ba ce, kai ce. "He took millet to Gwandu" ita ce "ya kai gero Gwandu", idan mai maganar yana Maruda. Idan a Gwandu yake, sai ya ce "ya kawo", Ingilishi kuma ya bar "took" ya koma "brought". Nan Ingilishi ne yake sauya kalma ɗungurungum, Hausa kuwa giredi na shida kawai ta sa. Wannan giredi kusan kowane aikatau yana karɓar sa, abin da babu ɗan rakiyar Ingilishi da yake yi. "Ya sayo shanu a Kalgo" ta ƙunshi tafiya da saye da dawowa, a wasali guda. Ɗalibin da ya rubuta "he bought cattle back" yana neman inda zai ajiye wannan wasali ne, sai ya faɗa wata ma'anar, wato sake sayen abin da aka sayar. Kafin jimlar Ingilishi ta cika sai an kawo aikatau biyu: "he bought cattle in Kalgo and brought them home".