Idan Mutum-mutumi Ya Yi Ɓarna, Wa Zai Biya?

Yau ga wata magana da ta taso daga nesa, amma ta isa a saurara.

A shekarar 2017, a birnin Riyad, Saudiyya ta ba wani mutum-mutumi mai suna Sophia matsayin 'yar ƙasa. Kamfanin Hanson Robotics na Hong Kong ne ya ƙera ta da fuskar mace, tana magana har da murmushi. Abin mamaki, a lokacin nan matan ƙasar masu jini a jika ba su da iznin tuƙa mota, sai a 2018 aka ba su.

A 2017 ɗin dai Majalisar Tarayyar Turai ta kawo shawarar a duba ko za a ba irin waɗannan na'urori matsayin mutum a gaban shari'a. Masana fiye da 150 suka sa hannu a takarda suka ce ba su yarda ba. Ni ma ina bayansu.

Ke uwargida, duba dalili. In akuyarki ta shiga gidan maƙwabciya ta cinye geron da ta shanya, ba akuyar ake kaiwa gaban mai unguwa ba, ke ake nema. To, in na'ura ta ba ɗanki magani ba daidai ba a asibiti, aka ce ai ita mutum ce, ita za a tuhuma, wa zai biya diyya? Ba ta da gona, ba ta da dangi, kurkuku ba ya yi mata zafi. Kamfanin da ya kwashe riba ya zame ke nan, an bar ki da jinya.