Fulogi da Silon Mota

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu motoci, sau da yawa mota takan ƙi tashi da safe, ko ta riƙa mutuwa a mahaɗar hanya, alhali kuwa laifin bai wuce na fulogi ko silo ba. Ga kaɗan daga abin da na koya a garejin kawuna lokacin hutu.

Fulogi shi ne ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur da iska a cikin silinda. Waɗanda aka fi sani su ne Bosch na Jamus, da Champion na Amurka, da NGK da Denso na Japan. Direbobi sukan yi gardama a kan wanda ya fi, amma a ganina dukkansu nagari ne muddin an sa wanda ya dace da injin. Kowane fulogi yana da lambar zafinsa. A NGK da Denso, babbar lamba tana nufin fulogi mai saurin huce zafi, amma a Bosch da Champion akasin haka ne. Saboda haka wanda ya bi lamba kawai zai iya sayen abin da zai ɓata masa fistin. Littafin mota ne ke faɗin gaskiya.

Bakin fulogi kuma yakan tona asirin injin. In ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne da kunkunniya, fetur ya yi yawa. In fari ne fat, zafi ya yi yawa. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, watakila ringi ya cinye.

Silo kuwa shi ne juyin injin lokacin da ba a taka totur ba, yawanci tsakanin 600 zuwa 1,000 a minti ɗaya. A mota mai kafireto, kamar Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sai a bari injin ya yi zafi, sannan a juya sukurun silo a hankali har ya daina rawa. Motocin zamani kuwa kwamfuta ce ke riƙe da silo. In an cire batir takan manta, sai a wanke maƙogwaron iska, a kashe fitilu da na'urar sanyi, a bar injin yana aiki na 'yan mintoci ba a taɓa totur ba. Wasu sai bakanike ya sa musu na'ura.

Abin lura shi ne, a fara duba fulogi kafin a taɓa silo. Wanda ya ƙara silo don ya ɓoye mataccen fulogi, fetur kawai yake ƙonawa. A kuma guji jabun fulogi da suka cika kasuwa, domin araha ba ta ado.