Kwarashi, leda da ƙyallen tela: inda sauƙin saƙar gida yake

Da zarar watan azumi ya kawo jiki, ko Sallar layya ta gabato, lissafin gida yakan rikice. Ga ɗinkin yara, ga cefane, ga rago, ga kuma ɗakin da uwargida ke son ya canza kama kafin ƴan barka da Sallah su fara shigowa. A unguwannin Hausawan ƙetare, kamar Nima a Akra, Briqueterie a Yawunde ko Zangon Lome, akwai ƙarin wata damuwa. Kayan da aka saba da su a gida, irin su faifai da tabarmar kaba, sai an yi safararsu daga arewa, domin goruba ba itaciyar bakin teku ba ce, kuma kafin su iso kuɗin mota ya riga ya hau kansu. A irin wannan hali ne kwarashi ke da rana.

Kwarashi ɗan ƙarfe ne, ko roba ko itace, mai lanƙwasa a baki, wanda ake jan zare da shi ana zargawa cikin wani. Sunan ya samo asali daga kalmar Faransanci «crochet», wato ƙaramar ƙugiya. Har yau masana'antu ba su da injin da ke yin wannan saƙa yadda hannu ke yinta, sai dai kwaikwayo. Saboda haka duk abin da aka saƙa da kwarashi, wata ta zauna ta ba shi awoyinta.

Sai dai ba kowace saƙar gida ce mai sauƙin kuɗi ba, ko da yake ana yawan ɗaukar haka. Kwarashi ya fi saƙar kibiya biyu cin zare. Wadda ta je kasuwa ta sayi sabon ulu dunƙule shida ko bakwai don ta saƙa bargon jariri, idan ta zauna ta haɗa kuɗin, sau da yawa za ta tarar bargon kanti ya fi nata araha, ba a ma zancen makonnin da ta yi tana aiki ba. Ana iya yin hakan don ƙauna ko don kyau, kuma ba laifi. Amma in tattali ake nema, sauƙin yana wajen zaren, kuma zaren da ya fi araha shi ne wanda ba a saya ba: ledar da aka gama amfani da ita, ƙyallen da tela ya share, da tsohuwar rigar sanyi.

Leda ta zama zare

Labarin da ya fi shahara a wannan fanni daga Gambiya ya fito. A 1997, a garin Njau, Isatou Ceesay da wasu mata ƴan ƙalilan suka fara tsince ledojin da suka cika garin, waɗanda awaki ke ci suna mutuwa. Suna wanke su, su yanka, su saƙa ƙananan jakunkunan kuɗi da kwarashi su sayar. Da farko dariya aka riƙa yi musu. Daga baya aikin ya zama ƙungiya, a 2015 kuma aka buga littafin yara mai suna One Plastic Bag a kan labarinta. A Bobo Julaso ta Burkina Faso, ƙungiyar mata ta GAFREH ta buɗe cibiyar sarrafa leda a 2003, inda ake saƙa wasu ledojin a masaƙa kamar yadda ake saƙa zane, wasu kuma da kwarashi, ana fitar da jakunkuna da kwanduna har ana kai su Turai.

Zancen awakin Njau ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya a birni. Mahauta sun saba ciro curin leda daga tumbin dabba. Ledar ba ta narkewa a ciki, sai ta cushe wurin abinci, dabba ta riƙa ramewa alhali cikinta a kumbure yake.

Hanyar mayar da leda zare ba ta da wuya. A fara da tacewa: duk ledar da aka zuba ɗanyen nama, kifi, maganin ƙwari ko kayan asibiti a cikinta, a ware ta, ba ta shiga aikin. Sauran a wanke su da garin sabulu, a ɗan sa ruwan Javel, a shanya su bushe sarai ciki da waje, domin leda mai laima in aka naɗe ta wari take yi. Sai a shimfiɗa leda ɗaya, a ninke ta a tsaye sau biyu ko uku, a yanke hannuwan da gindin da almakashi. Abin da ya rage a yanka shi a kwance, faɗin santimita 2 zuwa 3. Kowane yanki in aka buɗe shi zai zama zobe. Ana zura zobe cikin zobe a ja a hankali, su sarƙe da juna ba tare da an ƙulla ba, har a samu dogon zare a dunƙule shi. Leda mai kauri a rage mata faɗi, mai laushi a ƙara mata. Kwarashin da ya dace da ita babba ne, daga milimita 6 zuwa 10. Wadda ba ta da shi, ana iya sassaƙa mata na itace a goge shi ya yi santsi.

Amfanin saƙar leda shi ne ba ta tsoron ruwa kuma ba ta hunhuna, abin da mazauna Duwala, Kwatano da Akra, inda laima ke lalata kayan kaba, za su fi kowa gane darajarsa. Ta dace da jakar cefane, abin goge ƙafa na ƙofar bayan gida, kwandon ajiye albasa, mazubin sabulu, da shimfiɗar zaman yara a tsakar gida. Abokan gabanta biyu ne: wuta da rana. Irin robar da ake yin ledar cefane da ita tana narkewa da zafi kaɗan sama da na tafasar ruwa, gindin tukunyar da aka sauke daga gawayi kuwa ya wuce nan nesa. Don haka ba a yin abin ɗora tukunya ko na riƙe marfi da leda. Rana kuma tana gasa ta har ta riƙa kakkaryewa, shi ya sa ba a barin kayan a igiyar shanya kwana da kwanaki. Guntayen da suka rage bayan yanka kada a jefa su murhu, hayaƙinsu yana cutar da ƙirji. A tara su a cusa cikin matashin zama.

Akwai wata tambaya da ba za a kauce mata ba: ina doka ta tsaya? Ƙasashen yankin da dama sun haramta siririyar leda. A Njamena, inda ake kiranta «leyda», magajiyar gari Marie-Thérèse Mbaïlemdana ta tsananta hanin a 2010. Kamaru ta fara aiki da hanin ledar da ba ta ruɓewa, wadda kaurinta bai wuce mikiron 60 ba, a watan Afrilun 2014. Burkina Faso ta yi tata dokar a watan Mayun shekarar, Nijar a watan Nuwamba, Gambiya kuma a 2015. Wanda ya zagaya kasuwannin yankin ya san ledar ba ta ɓace ba. Duk da haka, sayen sababbin ledoji masu launi musamman don saƙa, kamar yadda wasu ke yi don kayan su yi kyau, ya rushe duka hujjojin biyu, na tattali da na tsafta. Kuma a lura da ledojin da aka rubuta wa «oxo-biodégradable». An sa musu sinadarin da ke sa su ruɓushewa bayan wani lokaci, jakar da aka sha wahalar saƙawa da su tana iya zama gari a hannu.

Sharar tela da rigunan gwanjo

Makonnin da ke gaban Sallah su ne kakar ƙyalle. Teloli na kwana a kan keke, sharar shago kuwa tana taruwa buhu-buhu. Mai son ta sai ta yi magana da telanta tun da wuri, ta bar masa buhu, domin masu cusa matashi ma suna nema. Atamfa ta fi daɗin aiki: a wanke ta tukuna don ta saki kuma a ga wadda ke zuba, a yanka ta tsiri-tsiri faɗin santimita 2, a haɗa bakunan da ɗan ɗinki. Shadda tana da tauri sai an wanke ta sosai. Leshi bai da amfani a nan, zarewa yake yi. Tsofaffin riguna masu talewa, irin na ƴan ƙwallo ko singileti, sun fi kowane: in aka yanka aka ja, bakin yakan naɗe da kansa ya zama igiya mai laushi. Da irin wannan ake saƙa dardumar gaban gado da rigar matashi, kuma in auduga ce zalla, har abin ɗora tukunya.

Ulu kuwa yana nan a tulin gwanjo. A kasuwar Kantamanto ta Akra kaɗai, ƙungiyar The Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa a mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a shara. Rigar sanyin da ta huje a gwiwar hannu, wadda ba mai saye, zarenta lafiya lau yake. Kafin a biya kuɗi a juya ta a duba haɗin. In an saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa su da zare, za ta warware tiryan-tiryan. In kuwa an yanka saƙar ne aka datse bakin da keke, guntaye kawai za a samu, a bar ta. Zaren da aka warware yakan yi ƙudundune. A naɗa shi a bayan kujera, a ɗaure, a jiƙa, a rataye shi a inuwa, zai miƙe.

Don sanin irin zaren, a tsinki ɗan guntu a kai bakin ashana, a waje, kusa da ruwa. Gashin tumaki na gaske yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murtsukewa. Auduga tana warin takarda. Na roba, wanda shi ne akasarin abin da ake kira ulu a kasuwa, narkewa yake yi ya bar ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Wannan na ƙarshe ya isa yin hula da safar jarirai na hunturu, amma a nisanta shi da murhu.

Lissafin shida-shida

Yawancin kayan gida daga da'ira suke farawa, kuma da'irar tana da ƙa'ida ɗaya da ta kamata mai koyo ta haddace. A yi gajeriyar sarƙa a haɗa bakinta, sai a saƙa ido shida a cikin zoben da matsattsiyar saƙa, wadda bidiyoyin Faransanci ke kira «maille serrée». A zagaye na biyu ido ya zama 12, na uku 18, na huɗu 24. Kowane zagaye ana ƙara shida, ana rarraba ƙarin daidai. In gefen ya fara lanƙwashewa kamar ganyen salak, ƙarin ya yi yawa. In ya fara tashi kamar ƙoƙo, ƙarin ya yi kaɗan. Muddin ana ƙarawa, abin zai ci gaba da faɗi, daga marfin kofi zuwa madadin faifai zuwa darduma. Ranar da aka daina ƙari, gefe zai miƙe sama, da'ira ta zama kwando, jaka ko rigar kular abinci. Hular jariri ma haka ake yinta.

Ga azumi, babu abin da ya kai marfin raga amfani: da'irar zaren auduga mai ƙananan idanu, a jera duwatsun ado a bakinta don nauyinsu ya riƙe ta a kan jug ɗin kunu ko kwanon fura, iska na shiga, ƙuda ba ya shiga. Na Sallah kuwa, rigunan matashi biyu ko uku da sabuwar shimfiɗar tebur sun fi canza ɗaki a kan kayan ƙyalƙyalin da ake saye a rataya, waɗanda kafin Sallah ta gaba sun koɗe. Ragowar zare launi-launi ana saƙa su ƙananan murabba'ai, a tara, a haɗe su su zama mayafin kujera. Wannan shi ne aikin da ya fi dacewa da mace mai hidima, domin murabba'i ɗaya yana shiga jaka, ana iya gama shi a layin asibiti ko a zaman gidan suna.

Abin da ya fi kayar da masu farawa shi ne lokaci. Wadda ta ɗauki kwarashi a goman ƙarshe na azumi, ga girkin buɗa-baki ga tsayuwar dare, da wuya ta gama darduma. Manyan kaya a fara su tun Rajab ko Sha'aban, a bar ƙanana ga azumi. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kwana 70 ne ko kusa da haka, kuma a daidai farkonsu ne ƙyallen teloli ya fi yawa, don haka sharar ƙaramar Sallah ita ce kayan aikin babba. Kayan sanyi su ba sa bin wata, suna bin iska: hula da safa su kasance a shirye kafin ƙarshen Nuwamba.